Gwajin Maganin Zazzaɓin Dengi: Mu Buɗe Ƙofa Ko Mu Sa Sakata?

A watan Disamba na 2023 hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta sanar da ɓullar zazzaɓin dengi a jihar Sakkwato. Mutum 71 aka yi zargin sun kamu, gwaji ya tabbatar da 13, a ƙananan hukumomin Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni. Da yake babu wanda ya rasu, labarin bai kwana biyu a bakin jama'a ba. A cikin wannan shekarar kuwa cutar ta yi ajalin kimanin mutum 700 a Burkina Faso, ta kuma ɓulla a Abeche ta ƙasar Chadi. Da 2024 ta zo sai abin ya wuce duk yadda aka saba gani, domin sama da mutum miliyan 14 aka ba da rahoton sun kamu a faɗin duniya, fiye da miliyan 6 daga cikinsu a Brazil kaɗai.

Sauron da ke ɗauke da ita daban yake da na maleriya. Baƙi ne ɗan ƙarami mai zanen fari a ƙafafu, kuma da rana yake farautarsa, musamman da safe da kuma gab da magariba, lokacin da babu wanda ke cikin gidan sauro. Ruwan kwata bai dame shi ba. Ruwan randa yake so, da na duro, da na jarkar da aka bari a buɗe, da wanda ya taru a tsohuwar taya a bayan shagon faci. Wanda ya san yadda ake ajiyar ruwa a gidajenmu na Rano da Kibiya, inda kowane tsakar gida ke da mazubi uku ko huɗu saboda ba a san ranar da mai garuwa zai yi wuya ba, ya san cewa mazauninsa a shirye yake. Shi ne dai sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara, don haka ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ita kanta ƙwayar dengi tun tsakanin 1964 da 1968 aka gano ta a jinin masu zazzaɓi a Ibadan, kuma binciken da aka yi daga baya a asibitocin Maiduguri da Jos da birnin Kano ya sha cin karo da alamunta.

Har yau cutar ba ta da maganin kanta. Abin da likita zai yi shi ne ya ba da farasitamol, ya ce a sha ruwa da yawa, ya sa ido, in jiki ya rikice a yi ƙarin ruwa ko ƙarin jini. An gwada kulorokwin ɗin da muka sani a kan manya 307 a Vietnam, aka wallafa sakamakon a 2010, bai rage ƙwayar cutar ba, sai ma ƙarin amai. An gwada wani mai suna balapiravir a can Vietnam, da celgosivir a Singafo, duka suka tashi a tutar babu. Sai a 'yan shekarun nan aka fara ganin haske. Kamfanin Johnson & Johnson ya fito da ƙwaya mai suna mosnodenvir, aka gwada ta a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a kan manya masu lafiya da suka yarda a sa musu raunanniyar ƙwayar dengi da gangan. A cikin mutum 10 da suka sha mafi yawan adadi, 6 ba su kamu ba, alhali duk waɗanda aka ba ƙwaya holoƙo, wadda babu magani a cikinta, sun kamu. A Oktoban 2023 aka bayyana wannan. Kamfanin Novartis shi ma ya shiga mataki na biyu na gwajin tasa ƙwayar, EYU688, wadda ake ba babban mutum ya haɗiya bayan zazzaɓin ya kama shi, a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka.

A can ake yin waɗannan gwaje-gwaje, ba a nan ba. Tambayar da ta raba kan masana lafiya da sauran masu tunani a cikinmu ita ce, shin mu nemi a zo a yi da mu, ko kuwa mu gode wa Allah da aka tsallake mu? In gobe aka ce ga masu bincike sun sauka a Babban Asibitin Rano suna neman manya masu zazzaɓi, me ya kamata mai unguwa ya faɗa wa mutanensa?

Masu cewa a sa sakata ba sa buƙatar dogon bayani. Kalma ɗaya suke faɗa: Trovan.

A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, ta kashe kimanin mutum 12,000, yawancinsu yara. Ana tsakiyar wannan masifa ne tawagar kamfanin Pfizer ta sauka a Asibitin Zana da ke Kano, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke ta fama da majinyata. Suka ɗebi yara 200, rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, wanda aka riga aka san yana aiki, amma aka rage adadinsa ƙasa da yadda aka saba. Yara 11 suka mutu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki. Kamfanin ya dage a kan cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna ba maganinsa ba, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da baki. Iyayen suka ce ba a taɓa gaya musu gwaji ake yi ba, kuma ba a gaya musu cewa ga sanannen magani can kyauta a cikin harabar asibitin ba. Da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, sai aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya.

Akwai wani abu a cikin wannan labari da aka fi mantawa, kuma shi ya fi shafar maganarmu. Ɗaya daga cikin hujjojin da aka kafa na gwada Trovan shi ne cewa ana iya shan sa ta baki, saboda haka zai dace da ƙasashen da ba su da isassun ma'aikatan yin allura. Wannan hujja ce sak da za a kawo mana game da ƙwayar dengi: ga sauƙi, ga ta sha ce, ga ta dace da ƙauye. Shi kuwa Trovan, da aka ba shi lasisi a Amurka a 1997, manya aka amince a ba, ba yara ba. A 1999 aka taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta, Turai ta dakatar da shi. Bai taɓa zama maganin sanƙarau na yaran Afirka ba.

Sai a 2009 gwamnatin Kano da kamfanin suka sasanta a kan dala miliyan 75. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an sa su gwajin ƙwayoyin halitta don su tabbatar da cewa mamatan 'ya'yansu ne. Shekara 15 ke nan uwa na jiran a yarda cewa ta yi rashi. Duk ɗan Rano da ya biyo ta Bunkure da Karfi zai shiga birni yana wuce ginin asibitin da aka yi a Kwanar Dawaki da kuɗin wannan sasanci, wanda aka killace masu korona a cikinsa a 2020. Ba tatsuniya ba ce da za a ce mutane su manta, gini ne a bakin titi.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan yara 200 ba. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, Trovan na cikin abubuwan da mutane ke ambato a majalisu. Ba a dawo da rigakafin ba sai a Yulin 2004, da aka samo na ƙasar Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita. A nan ne masu adawa ke da hujjar da na fi ganin nauyinta. Suna cewa, ku dubi abin da gwaji ɗaya ya jawo. In aka sake yin wani ya ɓaci, ko da bisa kuskure, ko da mutum biyu ne suka mutu da wata cuta daban aka ce maganin ne, abin da za a yi asara ya wuce ƙwayar dengi. Rigakafin ƙyanda zai shafa, da na mashaƙo, da awon ciki. Yarda da ma'aikacin lafiya a ƙauyukanmu da ƙyar aka gina ta, gida-gida, da taimakon sarakuna da malamai. Za a sa ta a caca saboda cutar da ba ta cikin manyan masu kashe mu? Maleriya na nan, tamowa na nan, mace-macen mata wajen haihuwa na nan.

Sannan suna da wata hujja ta likitanci. Yawancin masu dengi cikin mako ɗaya zuwa biyu suke warkewa da kansu, da yawa ma ba sa sanin sun yi ta. Inda ake da kulawa mai kyau, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. To mutumin da zai warke ko ba a ba shi komai ba, don me za a ɗura masa abin da ba a gama sanin illarsa ba? Dengi kanta tana taɓa hanta. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu, kuma da dama masu ɗauke da shi ba su sani ba. Ko abin da ya samu lasisi ma yana iya ba da mamaki: a Filifin an yi wa yara kimanin 800,000 rigakafin Dengvaxia kafin kamfanin Sanofi ya fito a Nuwamban 2017 ya ce wanda bai taɓa yin dengi ba, rigakafin na iya sa ta yi masa tsanani in ya kamu daga baya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, kuma ba a ganin laifinsa. Amma masu cewa a buɗe ƙofa suna tambaya: har yaushe za a yi ta gudun?

Abin da suke fara nunawa shi ne cewa bayan Trovan an yi gwaje-gwaje a ƙasar Hausa, kuma mun ci moriyarsu, sai dai alheri ba ya yin ƙara kamar sharri. A Madarunfa ta jihar Maradi, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF ta gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana kare kusan kashi biyu cikin uku na gudawa mai tsanani. A nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da Barau Dikko na Kaduna, an gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara 220 masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka gano cewa ƙaramin adadi ma yana wadatarwa. Likitocinmu ne suka riƙe aikin tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda ya nuna a 2023 cewa ana iya rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin ɗari. Shi kansa sanƙaraun da ya yi mana ta'adi a 1996, abin da ya karya lagonsa rigakafin MenAfriVac ne, wanda aka gwada a jikin mutanen Mali da Gambiya da Senegal da Ghana kafin a fara amfani da shi a 2010, kan kuɗin da bai kai rabin dala ba. Da iyayen can sun ce ba za a mai da 'ya'yansu zakaran gwajin dafi ba, da har yanzu muna binne yara duk bazara kamar da.

Suna kuma cewa kwatanta gwajin dengi da Trovan zalunci ne ga hujja. A Asibitin Zana yara ne, cikin cutar da ke kisa a yini ɗaya, kuma akwai maganin da aka tabbatar aka kauce masa. A nan manya ne masu bakin magana, kuma babu wani magani da za a ce an hana su. Wanda ƙuri'a ta ba shi ƙwaya holoƙo zai samu duk abin da mai dengi ke samu a ko'ina, har da ƙari, tunda kullum ana duba jininsa. Dokoki ma sun canja. Akwai kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, da kundin ƙa'idojinsa na 2007. Akwai dokar lafiya ta ƙasa ta 2014. NAFDAC ce ke ba da izinin kowane gwajin magani, kuma asibitocin koyarwa suna da kwamitocinsu na gaske, ba na takarda ba.

Hujjarsu ta uku ita ce wadda ba na iya kauce mata. Maganin da aka gwada a jikin mutumin Singafo, in ya samu lasisi, zai zo kasuwar Sabon Gari ko mun so ko mun ƙi, daga nan ya bazu kemis-kemis har Tarai da Rurum. A ranar za mu sha shi ba tare da an taɓa sanin yadda yake yi a jikin mai sikila ba, ko mai ciwon hanta, ko wanda ya haɗa shi da maganin maleriya, alhali a wurinmu haɗuwar cuta biyu a jiki ɗaya ba abin mamaki ba ne. Ita cutar ma ba ɗabi'a ɗaya take nunawa a kowace al'umma ba. Tun annobar Kyuba ta 1981 aka lura cewa masu asalin Afirka ba su cika yin dengi mai tsanani kamar sauran ba, amma kuma an san sikila na ƙara haɗarinta, sannan ga abin da ya faru a Burkina Faso. Ƙin shiga gwaji bai hana a gwada magani a jikinmu ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya mayar da gwajin kan teburin mai kemis, inda babu mai rubuta wanda ya warke da wanda ya kumbura.

Har zuwa nan na fi karkata ga masu buɗe ƙofa. Inda nake rabuwa da su shi ne inda suke cewa tunda manya ne, maganar amincewa ta zo da sauƙi. A ɗauki magidanci daga Zurgu ko Durba, an goyo shi a babur, kwana biyu yana rawar ɗari, kansa kamar zai tsage, bayan idanunsa na ciwo. An miƙo masa takarda mai shafi goma sha. Ko an fassara ta da Hausar boko, shi ajami yake karantawa, in ma yana iya buɗe ido. Ma'aikaci ya karanta masa sama-sama, ya ce, "Baba, ka gane? In ba ka so ba dole." Amsar da zai bayar kowa ya san ta: "Likita, ai kai ka san abin da ya dace. Yi mini duk abin da zai sa in samu sauƙi." Sai ya dangwala yatsa. A takarda ya amince. A zuciyarsa magani aka ba shi, bai ji cewa mai yiwuwa ƙwayar da ya haɗiya babu komai a cikinta ba, bai kuma ji cewa shi likitan ma bai san wacce ya ba shi ba. In aka ƙara da cewa gado kyauta ne, awon jini kyauta, ga kuɗin mota, to talakan da ya saba sayar da akuya kafin a kwantar da shi ba zaɓi aka ba shi ba. Matar aure kuma za ta ce, "Sai na tambayi maigida," kuma in maigidan ya ce e, wa zai koma ya tambaye ta ita abin da take so? Sanarwar Helsinki, wadda likitocin duniya suka yi wa kwaskwarima ta baya-bayan nan a 2024, ta yi magana a kan duk wannan. Amma ba a Helsinki ake dangwala yatsan ba.

Wannan ba dalilin hana gwaji ba ne. Dalili ne na yin bayanin tun mutum yana da lafiya, a masallaci da kasuwa da rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure, watanni kafin damina, yadda ranar da zazzaɓi ya zo zai tarar an riga an yi muhawarar a zaure. A kuma faɗa wa mutane ƙarara inda za a kai jininsu da abin da za a yi da shi, domin wannan tambaya ce da ake yi a ɓoye in ba a amsa ta a fili ba.

Sai dai duk wannan jayayya, ni a ganina, ta tsallake wani abu da ya fi ta girma. Waɗannan magunguna ƙwayar cutar suke hana hayayyafa, ita kuwa ƙwayar dengi 'yan kwanaki kaɗan take yi a cikin jini. Shi ya sa gwaje-gwajen ke neman majinyaci cikin sa'o'i 48 zuwa 72 na farkon zazzaɓi. Bayan nan ƙwayar ta fara janyewa da kanta, abin da ya rage faɗa ne tsakanin jiki da garkuwarsa, kuma a lokacin ne haɗarin yake, wato daidai sa'ad da zazzaɓin ya sauka mutum ya ɗauka ya warke, sai jijiyoyin jini su fara yoyo. To wane ne a Kibiya ke isa asibiti a rana ta biyu ta zazzaɓi? Rana ta farko jiƙo ne da farasitamol. Rana ta biyu kemis. Mai kemis zai taɓa goshi ya ce, "Maleriya ce da taifot," ya ƙirgo ƙwayoyi kala huɗu a leda, ya haɗa da diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon gaɓoɓi. Ga mai dengi kuwa waɗannan biyun da asfirin su ne abin da aka fi hanawa, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Sai rana ta biyar ko ta shida, in abin ya ƙi, a nufi asibiti. A can ma in an tsaga yatsa aka ga babu maleriya, sau da yawa maganin maleriyar za a sake rubutawa, tunda babu abin auna wani abu daban. Akwai ɗan abin awo na gaggawa da ke gano dengi a kwanakin farko, ana ce masa NS1, kamanninsa ɗaya da na maleriya, amma ba kasafai ake samun sa a ƙananan asibitocinmu ba.

Ma'anar wannan ita ce ko da a ce gobe an kammala gwaji a Brazil, magani ya fito, an raba shi kyauta, ba mu san wa za mu ba ba. Mutum 13 na Sakkwato an san da su ne domin an aika jininsu ɗakin gwaji. Kamfani ma ba zai kawo gwajinsa inda ba a ƙirga masu cutar ba, domin majinyata yake nema da yawa cikin ɗan lokaci. Muna ta gardamar a buɗe ƙofa ko a rufe, alhali babu wanda ya ƙwanƙwasa, kuma dalilin rashin ƙwanƙwasawar ba abin alfahari ba ne.

Ga kuma darasin da mosnodenvir ya koyar, wanda ya kamata masu ɗokin gwaji su riƙe. A Oktoban 2024, shekara ɗaya da bayyana wancan sakamako mai daɗi, Johnson & Johnson ya dakatar da babban gwajin da yake yi a ƙasashen da cutar ta yi katutu. Ya faɗa da bakinsa cewa ba don an ga wata illa ba ne, sauya alƙiblar harkokinsa ya yi. Mutane da yawa sun ba da jininsu da lokacinsu, aka tashi taro a wani ofis aka ce a tsaya, a shekarar da dengi ta fi kowace shekara ɓarna. Masu adawa a nan sun yi gaskiya: wanda ke da kuɗin shi ke da ikon tsayawa. Abin da ya bambanta MenAfriVac shi ne tun kafin a fara aka yi maganar farashi, aka nemo kamfanin Serum na Indiya da ya yarda da shi. Ƙungiyar DNDi, wadda ba ta neman riba, ta kafa ƙawancen neman maganin dengi a 2022 da cibiyoyin Thailand da Malesiya da Indiya da Brazil a kan irin wannan tsari. Irin wannan zaure ya kamata jami'o'inmu su nemi kujera a ciki.

Hukuncina shi ne a yarda da gwaji, amma ba shi ne farko ba. A fara da awo. Ma'aikatar lafiya ta jihar Kano da cibiyar daƙile cututtuka ta jiha su ajiye abin awon NS1 a asibitocin Rano da Kibiya da Bunkure, duk babban da ya zo da zazzaɓi aka ga ba maleriya ba ce a auna shi, a yi haka damina biyu a jere, sannan a faɗi abin da aka samu da Hausa a gidajen rediyo. Kuɗin wannan bai kai na kwalta kilomita ɗaya ba. In aka ga cutar ba ta da yawa, mun huta, sai a mai da hankali ga abin da ke kashe mu. In aka ga tana nan, to a lokacin muna da bakin kiran masu magani, kuma mu ne za mu gindaya sharaɗi: likitocin Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano su riƙe ragamar aikin, takardar izinin NAFDAC da ta kwamitin ɗa'a a manna su a bangon asibiti inda kowa zai ga kwanan watansu, a yi wa kowane mai shiga inshora tun kafin ya haɗiyi ƙwaya ta farko, a kuma rubuta farashin da za a sayar mana in maganin ya yi. Masarautar Rano, wadda waɗannan ƙananan hukumomi uku ke ƙarƙashinta, ta nemi ganin takardun da idonta kafin ta ba dagatai umarnin yin shela. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa a sallame shi da girma da arziki.

Kafin gwamnati ta motsa, mai karatu, akwai abin da ke hannunka. In zazzaɓi ya kama ka ko wani naka, aka auna aka ce ba maleriya ba ce, a tsaya a kan farasitamol da ruwa, a bar diclofenac da ibuprofen da asfirin. In zazzaɓin ya sauka amma ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini a dasashi ko hanci, ko kasala mai yawa, a tafi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye. A rufe randa da duro, a riƙa zubar da ruwan ana wanke cikinsu duk mako, a kuma kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye kafin ruwan sama ya sauka.